Ɓauna Ta Isa Gwaska

Birnin Gwari, 8 ga Oktoba

Zuwa ga bawana Abdulbaƙi, a Agege, Ikko.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda 'yar namiji ke yi wa ɗan mace, wato daga zaune, ina fata kana lafiya, kai da Karima da yaran. Mu nan ƙalau muke, in ka cire gwiwar Baba, wadda ita ma ta zama 'yar gida.

Kada takarda ta ba ka mamaki. An katse layukan waya a ƙasar nan don a ƙuntata wa mutanen daji. Ban san yadda suke ji ba, tunda ba su aiko sun faɗa ba, amma mu kam mun ƙuntata. Makarantarmu a rufe take, sai na koma mai rubuta wa unguwa wasiƙa. Ka ga shekara huɗun da na yi a jami'a ba su tafi a banza ba. Mamuda, direban da ke kai muku masara, shi zai kawo maka wannan. In zai juyo ka ba shi amsa.

Yanzu maganar mahaifiyarka. Tun da ɓarin jikin Goggo Saude ya shanye da damina ba ta iya zama a kan babur, ga shi babur ɗin ma an hana hawa. Motar haya ta daina shiga Gwaska tun bara. Rabin garin ya watse. Tana ɗakinta, Baffanka Tasi'u da matarsa ne ke juya ta. Ranar kasuwa wani mutum ya fito da ƙafa, ya ce an ce a gaya mana da sauƙi.

Baba ya saurare shi, ya sallame shi, ya daɗe a zaune. Can ya miƙe ya nufi gindin darbejiya, ya yaye tamfol ɗin da ke kan Ɓauna.

Ai ka tuna ta. Lanrobar da ya yi shekara ashirin da biyu yana tuƙa wa ma'aikatar gandun daji, ya saye ta a gwanjo da ya yi ritaya. Shekararta goma sha ɗaya a kan duwatsu. Ya ce da ita zai je ya ɗauko ƙanwarsa. Na ce, "Baba, wannan ai ita ma ɗaukowa take bukata." Bai yi dariya ba.

Abin da muka tarar a ciki: ƙwai bakwai a kujerar direba, sheƙar rina a ƙarƙashin bonet, wayoyin da ɓera ya yi shekaru yana kalaci da su, sai takalminka ƙafa ɗaya, wanda ka rantse ni na jefa a rijiya. Ina jiran ban haƙuri a rubuce.

Baba Andrawus ya shigo aikin. Abokin aikin Baba ne na gandun daji, mutumin Kusasu, gudun hijira ya dawo da shi bayan gidanmu. Tsofaffi biyu, tabarau ɗaya, suna karɓa-karɓa. Sun sauke kan inji a kan tabarmar baƙi, ni kuma an ba ni wankin notuna da kananzir a cikin kwanon tuwo. Baba Andrawus ya juya injin da hannu, ya kasa kunne, ya ce, "Ɗalha, ba mutuwa ta yi ba, suma ce."

Ga abin da suke so daga kasuwar kayan mota ta wajenku, na kwafa yadda Baba ya faɗa: gaskit na kan inji, ringin fistin, fulogi huɗu, robobin birki. Ka gaya wa mai shago ta fetur ce, ƙirar da fitilunta ke gefe da gefe a kan kafaɗu, ba a tsakiyar fuska ba. Ya ce in ka aiko da jabu zai gane tun daga ƙofar gida.

Ka gaida Karima. Wassalam.

Uwar ɗakinka,
Rukayya


Agege, 17 ga Oktoba

Zuwa ga Malama Rukayya, 'yar Kawu, mai digiri a wankin noti.

Wa'alaikumus salam. Na sami takardarki, na ji daɗi ƙwarai. Muna lafiya, sai ƙaramin da ke fama da haƙori. Ki duƙa ki gaishe mini da Kawu da Baba Andrawus.

Maganar takalmi, ƙafa ɗaya kuka gani. Ɗayar fa? Ita ce a rijiya. Babu ban haƙuri.

Na je kasuwar. Da mai shago ya karanta takardar sai ya kira maƙwabtansa su zo su gani, kamar na kawo kuɗin Ingila na da. A ƙarshe aka kai ni wurin wani dattijo a can ƙuryar kasuwa, shi ya hau tsani ya sauko da kayan a cikin kwali mai ƙura. Duk suna hannun Mamuda. Na ƙara da bel na fanka, ko ba a ce ba.

Kin san kuwa a cikin Ɓauna aka kai Inna Gwaska tana amarya? Kawu ya ari motar gwamnati ya ce zai je duba iyakar daji. Ta sha ba ni labari, ta ce sau uku ta yi amai kafin su isa, warin fetur da kuka suka haɗu mata. Motar da ta shigar da ita, Allah ya sa ita za ta fito da ita.

Rukayya, a ajiye wasa. Wannan "da sauƙi" wace iri ce? Kin san mu. Ranar da mahaifina zai rasu, da safe sai da aka ce mini da sauƙi. Ke ce mai ido a gidan nan, ki dubi wanda ya kawo saƙon ki gaya mini abin da kika gani. Kaka ce, motoci na ta sauke hatsi, maigidana ba ya son kowa ya motsa. Amma uwa ɗaya gare ni. In jikin ya yi tsanani zan taho, in shiga da ƙafa, in goyo ta a bayana. Na san hanyar tun ina kiwon awaki.

Ina jiran amsa.

Naki, amma ba bawanki ba,
Abdulbaƙi


Birnin Gwari, 28 ga Oktoba

Bawana,

Sallama da gaisuwa. Ina fata haƙorin ya fito, gida ya sami barci. Kaya sun iso. Baba ya ɗaga gaskit ɗin ya duba shi a hasken rana, ya shinshina, ya ce, "Yaron nan yana da hankali." Na ce zan rubuta maka, amma ba zan maimaita a gaban shaidu ba.

Ɓauna ta tashi.

Kafin nan sai da muka sha fama da fetur. An hana sayar da shi a jarka, sai mota ta je gidan mai da ƙafarta. Ita kuma Ɓauna ba ta zuwa gidan mai sai ta sha mai. Na so in rubuta wannan a matsayin tambayar jarrabawa. A ƙarshe wani maƙwabci ya cika tankin motarsa, Baba Andrawus ya zuƙo da tiyo. Ya haɗiyi rabin kofi, ya wuni yana gyatsa, ya hana kowa kunna ashana kusa da shi.

Ranar Talata da hantsi suka gama ɗaurewa. Batirin aro ne, ya yi rauni, sai Baba ya zura ƙarfen nan na gaba da ake murɗawa da hannu. Sau shida tana tari tana shiru. A na bakwai ta kama, da wata ƙara da ta sa mata suka fito da ludayi a hannu. Hayaƙi ya cika gidan, kaji suka bi ta kan katanga. Baba ya dafa kafaɗarta ya tsaya. Ya ce hayaƙin ne ya shiga masa ido. Baba Andrawus ya ce shi ma.

Sun zaga unguwa da ita sau biyu. Birki na kamawa, in an roƙe shi.

Ga matsalar. Akwai sandar ƙarfe a ƙarƙashinta da ke kai ƙarfi ga ƙafafun gaba, farfela suke ce mata. A bakinta akwai wani ɗan ƙarfe mai hannu huɗu, kuros. Namu ya cinye, ya fashe a hannun Baba. In babu shi, ƙafafun baya kaɗai ke ja, Ɓauna ta zama mota kamar kowace mota. Kuma ka san mashigin nan na kafin Gwaska, mai yashi.

A kan wannan tsofaffin suka yi faɗa, karo na farko da na gani. Baba Andrawus ya ce, "Ruwa ya ja baya, mu tafi a haka. In ta kafe mu tura."

Baba ya ce, "Wa zai tura? Ni da gwiwa, kai da tari, ko Saude?"

"To mu zauna muna shafa mata mai har ta haihu?"

"Andrawus, shekara ashirin da biyu ban taɓa kwana a dajin nan don mota ba, lokacin ma zaki kaɗai ake tsoro. Ba zan kafe a yashi da majinyaciya a baya ba, ina kallon daji, daji na kallona."

Baba Andrawus ya ɗauki tabarau ya tafi gida. Da la'asar ya dawo da shi, don ya san ɗayan ba ya gani.

Na naɗe maka fasasshen kuros ɗin a tsumma, ka nuna wa dattijonka. Shi kaɗai ya rage.

An sake aikowa daga Gwaska jiya. Da sauƙi. Ka zauna inda kake, ka fi amfani a kasuwa.

Taka,
Rukayya


Agege, 7 ga Nuwamba

Malama,

Gaisuwa mai yawa. Haƙori ya fito har biyu, uwarsa ce yanzu ke kuka. Alhamdu lillahi da jin labarin Inna. Na yi kwana uku ban ci abincin kirki ba kafin takardarki ta zo, ranar na cinye kwano biyu.

Na karanta wa mutanen rumfarmu labarin Baba Andrawus da fetur, har wani ya faɗo daga kan buhu.

Maganar kuros. Na sami sabo a shago na biyu da na shiga, yana ƙyalli, girmansa daidai. Na ɗauka na ji shi sakayau kamar cokali. Na kai wa dattijon, ya auna shi a tafin hannu, ya ce zai yi aiki, amma ba zai rantse a kan yashi ba. Ya ce akwai wani abokinsa a Ibadan da ya farke irin motar nan, yana da na asali, wanda aka ƙera tare da ita. In na yi haƙuri mako biyu zai sa a kawo.

Na tsaya a bakin shagon ina juya abin a raina. Na ce tunda da sauƙi, gara a yi aiki mai kyau sau ɗaya. Kuma ba na son Kawu ya gane jabu tun daga ƙofar gida, bayan ya riga ya ce ina da hankali. Na ajiye takardarki da ta faɗi haka, ita ce shaidata.

Ku shirya katifa mai laushi a bayan motar. Inna ba ta son jijjiga.

Naki,
Abdulbaƙi


Birnin Gwari, 14 ga Nuwamba

Abdulbaƙi,

Muna lafiya. Ka bar maganar Ibadan. Ka sayi sabon, ko na gwangwani ne, ka ba duk motar da ta fara tasowa. Baba zai yi faɗa, ni zan tare.

Mamuda bai shirya ba, zan ba wani direban wannan.

Rukayya


Agege, 22 ga Nuwamba

Uwar ɗakina, yau kaɗai na yarda,

Ina gaisuwa. Shiru ban ji daga gare ki ba, an ce hanyarku ta yi kwanaki a rufe, motoci na jibge a Tegina. Allah ya kyauta.

Ga kuros na asali! Ki ɗauka ki ji nauyi. Dattijon ya wanke shi, ya cika shi da giris, ya ce wannan sai ya binne mu duka. Ki tsaya kusa da Kawu lokacin da zai kwance ƙunshin, ki rubuto mini abin da fuskarsa ta yi.

Akwai atamfa a cikin ledar, shuɗiya mai ganye, Karima ta zaɓa wa Inna. Kada ku bari ta shigo gari da tsohon zane, kin san ta da jin kunya. Na kuma yi magana da wani mai keken marasa lafiya. In kun fito da ita, na sami hutu bayan kaka, ni zan riƙa tura ta zuwa asibiti da kaina, tana yi mini faɗa ina jin daɗi.

Ki ce mata wancan na Ikko yana gaishe ta. Har yau ba ta taɓa kiran sunana ba, wai ɗan fari. Ki tsokane ta ko za ta yi kuskure.

Naki,
Abdulbaƙi


Birnin Gwari, 3 ga Disamba

Abdulbaƙi,

Assalamu alaikum. Baba ya ce in rubuta maka cewa jikin Goggo ya motsa, ana nemanka a gida. Na rubuta, ka karanta. Yanzu ga nawa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Goggo ta rasu ranar Lahadi, ashirin da ɗaya ga Nuwamba, bayan azahar. An binne ta a Gwaska kusa da mahaifinka. Mun isa bayan kwana tara. Allah ya jiƙanta, ya ba ka haƙuri. In kana tsaye ka zauna, sauran ka karanta lokacin da za ka iya.

Kuros ɗinka ya iso ranar Asabar. Ka ce in gaya maka abin da fuskar Baba ta yi. Ta yi murmushi. Kafin magariba sun ɗaura. Na shimfiɗa katifa a baya, na sa matashi biyu, na ajiye atamfar a kai. Ranar Talata da sassafe muka fita, Baba a sitiyari, Baba Andrawus a gefe, ni a baya.

Hanyar ta koma turbar shanu. Gonaki ga dawa ta nuna ta sunkuya, babu mai girbi. Bayan mun yi nisa muka ci karo da mutanen daji, matasa uku a kan babura, bindigogi a wuya. Baba ya tsaya, bai kashe inji ba. Suka zagaya Ɓauna suna dariya. Ɗaya ya ce, "Tsoho, wannan daga wane zamani?" Wani ya leƙo ya ga katifa, ya ce ta mece ce. Baba ya ce, "Ƙanwata zan ɗauko, ba ta da lafiya." Yaron ya dube ni, ya dubi katifar, ya ce, "Allah ya ba ta sauƙi," ya ɗaga mana hannu. Na ce amin. Ban san abin da ake cewa ba in ba amin ba.

Da muka zo mashigin, Baba ya ɗora hannu a kan sandar giyar nan mai jan kai, wadda ke sa ƙafafu huɗu su ja. Yashin ya bushe ya yi tauri. Muka haye a ƙafa biyu, bai taɓa ta ba. Babu wanda ya dubi wani.

Baffa Tasi'u ya fito da jin ƙara, yana tsammani sojoji ne. Da ya ga Ɓauna sai ya zauna a ƙasa. A nan muka sani.

Baba bai kashe motar ba, yana tsoron kada ta ƙi tashi. Haka muka yi addu'a a kan kabarin, tana ta gurnani a bayanmu.

Baffa ya ce ita ce ta hana a faɗa. Duk wanda zai fito gari sai ta sa an kira shi, ta ce, "Ka ce da sauƙi. Yaya zai taso da gwiwarsa, wancan na Ikko zai bar aikinsa ya faɗo daji." Ya ce an gaya mata ana gyaran Ɓauna, ta yi dariya da rabin bakin da ke motsi, ta ce, "Ku ce wa Yaya ya wanke ta da kyau. Wancan karon warinta ya sa ni amai."

Saura nawa laifin. Ka ce in dubi ɗan saƙon in gaya maka abin da na gani. Na dube shi. Ranar ashirin da bakwai ga Oktoba, da ya gama da Baba, na bi shi zaure da ruwa, na matsa masa. Ya ce ta daina cin tuwo, sai kunu da cokali, bayanta ya yi gyambo. Na koma ɗaki na yi lissafi irin na masu ilimi. In na gaya wa Baba, zai shiga daji da mota mai ƙafa biyu. In na gaya maka, za ka shiga da ƙafarka. Na ga zan iya rasa mutum uku a maimakon ɗaya. Sai na ɗauki biro na rubuta maka kalma biyun da na yi shekaru ina yi wa mutane dariya a kansu. Ban yi tunanin za ka tsaya a bakin shago da sabon kuros a hannu, ka auna shi da maganata, ka mayar ba. Da ka aiko shi ranar, da mun same ta da rai. Ko da za ta rasu, da a kan katifar nan ne, a hannun yayanta.

Ba mu dawo da katifar a banza ba. Mutum goma sha uku muka ɗauko, har da Baffa da matarsa. Wata mai tsohon ciki ce ta kwanta a wurin Goggo. A mashigin, da nauyin nan, ƙafafun baya suka nutse har gindi. Yara suka fara kuka, ana jin babura daga nesa. Baba ya ja sandar mai jan kai. Ɓauna ta yi nishi, ta girgiza, ta fito kamar an ɗago ta. Baba Andrawus ya ce, "Ɗalha, na asalin ne." Baba ya ci gaba da tuƙi.

Ka ga ke nan ban san wanda zan ba gaskiya ba. Na gwada, lissafin ba ya fita.

Atamfar tana wurina.

Rukayya


Agege, 12 ga Disamba

Rukayya,

Takardunki biyu sun zo rana ɗaya, ta sha huɗu ga Nuwamba da ta uku ga Disamba. Gajerar na fara buɗewa. Har na tashi zan tafi kasuwa.

An yi mini zaman makoki a rumfa, mutanen ƙasarmu sun zo. Allah ya jiƙan Inna. Na gode da kika faɗa mini kai tsaye.

Na yi fushi da ke kwana huɗu. A na biyar na ɗauko takardarki ta Oktoba. Kin cika shafi biyu a kan fetur da kaji da tabarau, a kan Inna kuwa layi biyu. Ke da ba kya iya ganin kaza ta wuce ba ki faɗi launinta ba. Na lura tun ranar. Na karanta sau goma, na ga ina son in yarda, sai na yarda, na ci kwano biyu. Ban sani ba ko na yafe miki, don ban gama da kaina ba.

Ki ba matar Baffa atamfar. Ita ta juya ta wata biyar.

Maigida ya ce in bari sai ƙarshen wata mai zuwa, tunda an riga an binne. Yaya jikin Kawu?

Abdulbaƙi


Birnin Gwari, 20 ga Disamba

Ɗan Goggo,

Sallama. Na ba matar Baffa atamfar, ta rungume ta ta shiga ɗaki. Mai cikin nan ta haihu ranar Juma'a, mace. Sun yi mata huɗuba da Saude. Ba mu muka roƙa ba.

Ɓauna ba ta huta ba. Tun da aka ji ta je Gwaska ta dawo, kullum da mai sallama a zaure, wannan uwarsa na Saminaka, wancan kakansa ba ya iya tafiya. Ta fita sau uku. Baba Andrawus ke tuƙawa. Baba ya miƙa masa makulli da tabarau gaba ɗaya, ya ce ya riƙe.

Shi bai sake shiga cikinta ba. Abin da yake yi shi ne wanki. Kowace safiya sai ya ja gwiwarsa zuwa gindin darbejiya da bokiti da sabulu, ya wanke ta ciki da waje, har ƙarƙashin kujeru. In ya gama ya sa kai ta taga ya shinshina, ya ce har yanzu da saura.

Shekaranjiya na kasa daurewa, na gaya masa abin da ɗan saƙon ya faɗa mini a zaure, da abin da na rubuta maka. Na zaci zai yi faɗa. Ya ci gaba da matse tsumma, ya ce, "Ke kina tsammani ban san da sauƙin Saude ba? Ciki ɗaya muka fito. Ranar da ta karye a hannu tana yarinya, da sauƙi ta ce." Na ce to me ya sa bai bi maganar Baba Andrawus ba. Ya ce, "Na ji tsoron yashi." Ya ɗauki bokitinsa.

Ashe mu duka mun sani. Kowa ya riƙe nasa, yana tausayin ɗan'uwansa.

Ka tambayi jikin Kawunka. Ya ce in gaya maka da sauƙi, ya sa na maimaita a gabansa don ya tabbata na ji.

Ga abin da na gani. Tuwon da nake kai masa yana dawowa da shatin yatsu biyu. Wandonsa sai da na rage masa ƙugu. Jiya ya kira ni Saude, bai kuma lura ba. Ƙafafunsa sun kumbura, ya ƙi asibiti, ya ce sai wanda ya fi shi bukata ya gama da motar.

Babu sauƙi, Abdulbaƙi. Kada ka jira ƙarshen wata, kada ka tsaya sayen komai. Mamuda zai juyo ranar Alhamis. Ka hau.

Rukayya